Ruwa da Katako a Tsohon Birnin Sitokholm

Duk wanda ya taɓa gyaran rumfa ko danga bayan damina ya san inda dirka take karyewa. Ba ta ruɓewa daga sama inda rana ke dukanta, ba ta kuma farawa daga can ƙarshen da aka binne. Inda take cinyewa shi ne daidai wuyan ƙasa, wurin da danshi da iska suka haɗu. Wannan abu da kowane ɗan ƙauye ya sani shi ne mabuɗin fahimtar tsofaffin gine-ginen Sitokholm, babban birnin ƙasar Suwidin, da kuma wani jirgin ruwan yaƙi da ke ajiye a can wanda ya kwana shekara 333 a ƙarƙashin ruwa bai ruɓe ba. Akasarin masu ziyartar birnin sukan je ne don kallon fada da majami'u. Ni kuwa da na samu zuwa, idon mai nazarin halittu na tafi da shi, kuma abin da wannan ido ya gani shi zan bayyana wa mai karatu.

Birni a kan tsibirai

An gina Sitokholm a kan tsibirai 14, daidai inda ruwan daɗi na tafkin Malaren yake kwarara cikin tekun Baltik. Takarda mafi tsufa da ta ambaci sunan garin an rubuta ta ne a shekarar 1252, a zamanin wani shugaba mai suna Birger Jarl. Sunan ma kansa yana da alaƙa da itace, domin a harshensu "stock" gungumen itace ne, "holm" kuwa ƙaramin tsibiri.

Tsakiyar garin ita ce unguwar da suke kira Gamla Stan, wato Tsohon Gari. A nan fadar sarki take, mai ɗakuna fiye da 600. An gina ta a gurbin tsohuwar fadar da gobara ta cinye a shekarar 1697, kuma sai a 1754 iyalan sarki suka tare a cikinta. Kusa da ita akwai babbar majami'ar garin, wadda a cikinta aka ajiye wani sassaƙe na mahayin doki yana sukar dodo, da aka yi a 1489 da itace da ƙahonin wata babbar dabbar dawa ta ƙasar. Taku kaɗan daga nan sai dandalin Stortorget, inda Sarki Kirista na Biyu na Danmak ya sa aka kashe manyan Suwidin masu yawa a watan Nuwamba na 1520. Lungunan unguwar matsattsu ne ƙwarai, akwai ma wanda faɗinsa a wani wuri bai wuce santimita 90 ba. Wanda ya saba da lungunan cikin birnin Kano ko Zariya ba zai yi baƙunta a nan ba.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wasu tituna biyu dogaye, Västerlånggatan da Österlånggatan, waɗanda suka kewaye tudun tsakiyar tsibirin ta yamma da ta gabas. A farkon kafa garin, waɗannan tituna hanyoyi ne da ke bin bayan ganuwa, dab da bakin ruwa. A yau kuwa sai mutum ya gangara ya wuce layin gidaje masu yawa kafin ya iske ruwa. To, ina ruwan ya tafi?

Ƙasa mai tashi

Dalilai biyu ne suka haɗu. Na farko aikin mutane ne. Shekara da shekaru mazauna garin suna zubar da shara da ɓaraguzan gini a bakin ruwa, har jujin ya zama fili, aka yi gini a kansa. Na biyu kuwa ya fi ban mamaki: ƙasar ce da kanta take tashi sama.

Dubban shekaru da suka wuce, ƙanƙara mai kaurin da ya kai kilomita biyu zuwa uku ta rufe wannan yanki na arewacin Turai. Nauyinta ya danne ɓawon ƙasa ya lotsa shi, kamar yadda mutum yake lotsa katifa in ya zauna a kai. Fiye da shekara 10,000 ke nan da ƙanƙarar ta narke daga wajen Sitokholm, amma har yanzu ƙasar ba ta gama komawa yadda take ba. Tana tashi da kimanin milimita 4 zuwa 5 a kowace shekara, wato kusan rabin mita a shekara ɗari. Wannan tashi ne ma ya raba Malaren da teku, domin a da wani lungu ne na Baltik kafin ya zama tafki. Masanin nan Anders Celsius, wanda ake auna zafi da ma'auninsa, ya sa an yi alama a jikin wani dutse na bakin teku a 1731 don bin diddigin al'amarin. Shi a zatonsa ruwan teku ne ke raguwa. Sai bayan zamaninsa aka gane cewa ƙasa ce ke ɗagowa.

Yanzu mu koma ga gidajen da aka gina a kan juji. Irin wannan ƙasa ba ta iya ɗaukar gini mai hawa huɗu ko biyar. Saboda haka magina na wancan zamani sai su kakkafa dogayen turakun itace cikin taɓo, su shimfiɗa katako a kansu, sannan su ɗora harsashin dutse. Ba tsofaffin gidaje kaɗai ba, hatta ginin majalisar dokokin ƙasar, wanda aka yi tsakanin 1897 da 1905 a kan wani ɗan tsibiri kusa da fada, dubban turakun itace ne ke ɗauke da shi. Maginan sun san sharaɗin wannan dabara sarai: dole kan turke ya kasance a nutse cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa a kowane lokaci.

Ga dalilin. Jikin itace ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da bututu, kuma bangon kowace ƙwaya an gina shi ne da sinadarai biyu manya. Akwai selulos, wanda sarƙa ce doguwa ta sukari, shi ne kuma zaren da ke cikin auduga. Akwai lignin, wanda ke manne zaren selulos wuri ɗaya ya ba itace tauri. Halittu kaɗan ne ke iya narkar da waɗannan sinadarai, kuma gwanayen wannan aiki su ne fumfuna, dangin naman kaza. Fumfuna tana buƙatar abu biyu tare: danshi da iskar oksijin. Busasshen itace ya fi ƙarfinta saboda babu ruwa. Itacen da ya jiƙe sharkaf cikin taɓo shi ma ya fi ƙarfinta, saboda ruwa ya cike dukkan ƙofofin da iska za ta bi. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke iya cin itace inda oksijin ya yi ƙaranci, amma cinsu na hawainiya ne, sukan ɗauki ɗaruruwan shekaru suna gaigayar bayansa kawai.

To, da ƙasa ta riƙa tashi tana ɗauke da gidaje da turakunsu, sai ruwan ƙarƙashin ƙasa ya zama yana ja da baya daga kawunan turakun. Haƙe-haƙen zamani na magudanai da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa su ma sukan ƙara janye ruwa. Da zarar kan turke ya fito daga ruwa ya shaƙi iska, ya zama dirkar rumfarmu ke nan. Fumfuna ta kama shi, ya yi laushi, ginin da ke kansa ya fara zama. Jujin ma da ke kewaye da shi yana ruɓewa yana matsewa. Wannan ne ya sa mai lura zai ga wasu gidajen gefen tsibirin sun karkata, tagoginsu ba su daidaita ba, bangonsu ya tsage an liƙe. Hukumomi da masu gidaje sun kashe kuɗi masu yawa wajen ceto su, ta hanyar cusa turakun ƙarfe da kankare a ƙarƙashinsu har su taɓa dutse. A wasu wurare kuma dabarar ita ce a riƙa auna ruwan ƙasa kullum, in ya yi ƙasa a ƙara masa. Abin da zai ba ɗalibi mamaki ke nan: ana ba harsashin gini ruwa don kada ya ruɓe.

Kafin mu bar wannan sashe na gari, ya kamata a ambaci zauren majalisar birni da ke tsallaken ruwa, wanda Ragnar Östberg ya tsara, aka gina tsakanin 1911 da 1923 da jan bulo kusan miliyan 8, mai hasumiya ta mita 106. A cikinsa ake yin liyafar kyautar Nobel ranar 10 ga Disamba, a wani ɗaki da ake kira Shuɗin Zaure. Wanda ya shiga yana neman shuɗi zai sha mamaki, don ja ne wur. Mai zanen ya yi niyyar shafa masa shuɗin fenti, da ya ga kyan bulon sai ya fasa, suna kuwa ya riga ya bi shi.

Jirgin da bai kai ko'ina ba

Daga Gamla Stan ƙaramin jirgin fito yakan kai mutum tsibirin Djurgården cikin 'yan mintoci. A can ne gidan kayan tarihi na Vasa yake, wanda aka buɗe a 1990. Abu ɗaya aka gina gidan dominsa, wato jirgin yaƙi na katako mai tsawon mita 69, baƙi ƙirin, yana tsaye cikin duhu-duhu, an ƙawata shi da sassaƙe-sassaƙe ɗaruruwa na zakoki da mayaƙa da sarakuna.

Sarki Gustav Adolf na Biyu ne ya ba da umurnin ƙera shi, lokacin da yake yaƙi da ƙasar Folan. Wani gwanin ƙirar jirage mutumin Holan, Henrik Hybertsson, shi ya fara aikin, amma ya rasu a 1627 kafin a gama. An yi jirgin da itacen ok, wani itace na Turai mai tauri da nauyi kamar ƙirya, aka ɗora masa igwa 64 na tagulla a hawa biyu. Tun kafin ya tashi an ga alamar matsala. An sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan don gwada tsayuwarsa. Sau uku kawai suka yi aka tsayar da su, don jirgin ya fara tangaɗi kamar zai kife. Sarki yana fagen fama yana aiko da takardun gaggawa, babu kuma wanda ya yi ƙarfin halin cewa a dakata.

Ranar Lahadi 10 ga Agusta 1628 jirgin ya tashi a gaban taron jama'a, tagogin igwa a buɗe don harbin ban kwana. Bai yi tafiyar da ta wuce mita 1,300 ba iska ta bugi filafilansa, ya kwanta gefe, ruwa ya kwararo ta tagogin ƙasa, ya nutse a zurfin mita 32. Mutum kamar 30 suka rasu. Dalilin a fili yake ga ɗalibin kimiyya: nauyi ya yi yawa a sama, gindin kuwa bai da isasshen faɗi da zurfin da zai ɗauki duwatsun da za su riƙe shi. An yi bincike, ba a hukunta kowa ba. Wajen 1664 masu nutso suka ciro yawancin igwogin, daga nan aka bar shi.

A tekunan duniya, jirgin katako da ya nutse ba ya daɗewa. Alal misali, jirgin Ingila mai suna Mary Rose da ya nutse a 1545 aka ciro shi a 1982, sashen da laka ta binne ne kawai ya tsira, sauran an cinye. Mai cin kuwa wata halitta ce da ake kira tsutsar jirgi, wadda masanin halittu ɗan Suwidin Carl Linnaeus ya raɗa wa suna Teredo navalis a 1758. Sunan tsutsa kuskure ne, domin ita dangin kumba ce da dodon-koɗi. Jikinta dogo ne fari mai laushi, ƙoƙon bayanta kuwa ya ƙanƙance ya koma 'yan ɓawo biyu masu kaifi a goshinta, da su take kankare itace kamar magagari. Tana shiga katako tun tana ƙarama ƙwarai, ta wata 'yar ƙofa da da ƙyar ido ke gani, ta yi ta rami tana girma, ba ta sake fitowa har ta mutu. Sai a ga katako lafiya lau daga waje, ciki kuwa ya zama kamar saƙar zuma. A farkon shekarun 1730 ta cinye turakun madatsun ruwa na ƙasar Holan har ta jefa ƙasar cikin fargabar ambaliya.

Ba ita kaɗai take wannan aiki ba. A cikin gaɓar da take numfashi da ita akwai bakteriya da ke zaune, suna samar da sinadaran inzayim masu narkar da selulos, suna kuma kamo naitirojin su mayar da shi abin gina jiki, domin itace abinci ne maras wannan sinadari. Ita ta ba su masauki, su kuma su taimaka mata da narkar da abinci. Malamai za su ga cewa wannan misali ne mai kyau na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin halittu, irin wanda muke gani a wurin gara: wasu jinsunanta ƙananan halittu ne a hanjinsu ke narkar musu da itace, masu gina manyan suri kuwa fumfuna suke nomawa a cikin surin. A gaskiya tsutsar jirgi ita ce garar teku. Kuma kamar yadda maginanmu suka zaɓi azarar giginya saboda gara ba ta cika iya mata ba, haka masu jirage suka koma lulluɓe gindin jiragensu da fallayen jan ƙarfe.

Raunin tsutsar jirgi shi ne gishiri. A manyan tekuna, kowace lita ta ruwa tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Baltik kuwa kusan a rufe yake, ƙofarsa zuwa babban teku matsattsiya ce, ga koguna masu yawa suna zuba masa ruwan daɗi. A yankin Sitokholm gishirin bai wuce giram 6 a lita ba, a cikin tashar jiragen ma bai kai haka ba saboda ruwan Malaren. A irin wannan ruwa tsutsar ba ta iya hayayyafa. Wani injiniya mai sha'awar tarihi, Anders Franzén, shi ya riƙe wannan hujja. Ya ce in dai babu tsutsar, to tsofaffin jirage suna nan kwance. Ya yi shekaru yana yawo a ƙaramin kwalekwale yana jefa wani ƙarfe mai huda, har a watan Agusta na 1956 ƙarfen ya fito da guntun baƙin itacen ok. Masu nutso suka haƙa ramuka shida a ƙarƙashin jirgin cikin duhu da laka, aka zura igiyoyin ƙarfe, aka riƙa ɗaga shi mataki-mataki. Ranar 24 ga Afrilu 1961 ya fito sarari. Kusan kashi 98 cikin ɗari na abin da ake gani a yau katakonsa ne na asali. An kuma sami ƙasusuwan mutane, waɗanda har yanzu ake nazari. A 2023 binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu da aka daɗe ana zaton namiji ne, ashe mace ce.

Ban da ƙarancin gishiri, sanyin ruwan ya rage saurin duk wani ruɓa. Haka kuma ƙazantar da garin ya yi ta zubawa cikin tashar ta cinye oksijin na can ƙasa. A irin wannan wuri wasu bakteriya kan samar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai ɗauke da farar wuta, wadda guba ce ga yawancin halittu. Ƙazantar birni, wadda ta kashe rayuwa a gindin ruwan, ita ta taya tsare jirgin.

Wahala ta fara bayan fitowa

Ciro jirgin shi ne aiki mai sauƙi. Katakon da ya daɗe a ruwa, ruwan ne ke riƙe da bangon ƙwayoyinsa da bakteriya suka raunana. In aka bar shi ya bushe haka kawai, sai ya motse ya tsattsage. Don haka daga 1962 zuwa 1979, shekara 17 cur, aka yi ta fesa masa wani sinadari mai kama da kaki wanda ke narkewa a ruwa, ana kiransa PEG a taƙaice. Ana sa irinsa a man shafawa da magunguna. Shi ne ya shiga ya maye gurbin ruwan a hankali, sannan aka shafe wasu shekaru tara ana busar da jirgin sannu-sannu. Wannan kaki ne ke sa jikinsa ƙyalli.

An ɗauka an gama, sai a shekarar 2000, bayan wani lokacin zafi mai yawan ruwan sama da baƙi suka riƙa shigowa da jiƙaƙƙun tufafi, aka fara ganin tabo fari da rawaya a jikin katakon. Binciken da Magnus Sandström da abokan aikinsa suka buga a 2002 ya nuna cewa farar wutar nan da ta shige cikin itacen tun yana ƙarƙashin ruwa ta fara haɗuwa da oksijin da danshi, tana komawa asid, irin wanda muke kira ruwan batir. Abin da ke hanzarta haɗuwar shi ne ƙarfe, domin dubban ƙusoshin jirgin na asali sun yi tsatsa sun narke cikin katakon. Binciken da ya biyo baya ya ƙara nuna cewa can cikin itacen, ƙarfen da oksijin suna tsittsinka sarƙar selulos kai tsaye, har ƙarfin katakon ya ragu ƙwarai in an gwada shi da sabon itacen ok. A nan babu wata halitta mai rai da za a ɗora wa laifi, aikin sinadarai ne zalla, kuma oksijin ɗin da ke rayar da fumfuna a ƙarƙashin gidajen Gamla Stan shi ne dai ke wannan ɓarna.

Babu hanyar cire farar wuta da ƙarfe daga jirgi mai wannan girma ba tare da an wargaza shi ba. Abin da ake iyawa shi ne rage saurin ɓarnar. Shi ya sa ɗakin yake da duhu da sanyi: ana riƙe zafinsa wajen digiri 18 zuwa 20, danshin iska kuwa kaɗan sama da kashi 50 cikin ɗari, dare da rana. Ƙusoshin ƙarfe da aka sa bayan ciro shi su ma sun fara tsatsa, don haka tsakanin 2011 da 2018 aka zare dubbansu ɗaya bayan ɗaya aka sa na ƙarfen da ba ya tsatsa. Awo kuma ya nuna cewa jirgin yana lotsawa a ƙarƙashin nauyin kansa, kimanin milimita ɗaya a shekara, yana ɗan karkata. Saboda haka a 2024 aka fara sauya maɗaukin da yake zaune a kai da wani sabo na ƙarfe, wanda zai tallafe shi ta waje da ta ciki, da nufin gamawa a 2028, shekarar da zai cika 400 da nutsewa.

Malamin da ke son ɗalibansa su ga wannan da idonsu ba ya buƙatar kuɗin jirgin sama. A samu ƙirare uku na itace mai laushi, masu kauri ɗaya, a auna nauyin kowanne yana busasshe. Na farko a rataye shi a inuwa inda ruwa ba ya taɓa shi. Na biyu a nutsar da shi gaba ɗaya cikin kwalbar da aka cika da taɓo da ruwa, a toshe bakinta. Na uku a kafa rabinsa cikin tukunyar ƙasar lambu da ake yayyafa wa ruwa kullum, a ɗora tukunyar a kan tebur don kada gara ta shiga ta ɓata lissafi. A ƙarshen zangon karatu na biyu a ciro su, a wanke, a shanya su bushe sosai, a sake aunawa, sannan a gwada soka ƙusa a wurare dabam-dabam na kowanne, musamman a na uku, daidai inda ya haɗu da ƙasa.